Amsoshin Tambayoyinku: Abin da Ma'abota Sukuwa Ba Su Mantawa

Wani mai sauraronmu daga Riko, a ƙasar Jibiya, ya aiko yana tambaya: me ya sa masu sha'awar sukuwa, bayan an watse, suke shafe watanni suna maimaita labarin tsere ɗaya?

To, Malam, mun gode. Haƙiƙa wanda ya tsaya a bakin fili, ya ga dokin da aka raina, wanda ya tashi a baya har mai shi ya fara fid da tsammani, ya miƙe wuya a zagayen ƙarshe ya wuce na gaba da tsawon kai, alhali ƙura ta turnuƙe, maroƙa suna ta kirari, ba zai mance wannan sa'ar ba, ko da ya mance nawa aka ba da lada.

Kuma wannan shauƙi yana da asali. Imamu Buhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sa an yi tseren dawaki a Madina, daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i. A Katsina kuwa, Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, shi ya ɗaukaka sha'anin doki da wasan folo, ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi har ya shahara a duniya a wasan folo.

Sai dai muna roƙonku, ku raba sukuwa da caca, domin malamai sun haramta caca. A gaishe mana da mutanen Riko da maƙwabtanku na Maraɗi.