Daga Kuza Zuwa Eriya: Darasi Kan Harhaɗa Rediyo a Gida da Kalmomin Sana'ar

Gabatarwa

Tun shekarar 1957 da Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye, Muryar Jamus ta biyo baya a 1963, Muryar Amurka kuma a 1979, kunnen Bahaushe ya saba da jin mai gabatarwa yana cewa ana kama su a kan mita kaza da mita kaza, a gajeren zango. Mun haddace waɗannan kalmomi kamar karatun allo, amma idan aka tsayar da ɗalibin Hausa aka ce ya faɗi abin da ake aunawa da wannan mitar, sai ya fara sosa ƙeya. Wannan kuwa ba ƙaramin giɓi ba ne ga wanda gobe za a ɗauka aikin fassara a gidan rediyo, ko a sa shi cikin kwamitin ƙirƙirar kalmomi, domin wanda bai san yadda abu yake aiki ba, da wuya ya raɗa masa sunan da zai zauna a bakin jama'a. Saboda haka wannan darasi zai bi da mai karatu ta hanyar harhaɗa ƙaramar rediyo da hannu, da binciken laifinta idan ta ƙi magana, muna tafe muna tsintar kalmomin sana'ar a nan Jos.

Mita da Zango

Saƙon rediyo yana tafiya ne a matsayin igiya, irin wadda ake gani a kan ruwa idan an jefa dutse, kuma yana gudun kilomita 300,000 a kowace daƙiƙa. Tazarar da ke tsakanin tozon igiya ɗaya da na gaba ita ce ake aunawa da mita. Yawan igiyoyin da ke wucewa cikin daƙiƙa ɗaya kuma shi ake ƙirgawa da kilohaz (dubu) ko megahaz (miliyan). Lissafin mai sauƙi ne: a raba 300 da adadin megahaz, abin da ya fito shi ne mitar. Rediyon Kaduna ta yi shekaru ana jin ta a kan kilohaz 6090, wato megahaz 6.09. Idan aka raba 300 da 6.09 za a sami 49 da 'yan kai, ga mita 49 ɗin da iyayenmu suka sani ke nan.

Wanda ya fara kiran wannan tazara "zango" ya yi basira. A wurin fatake, zango shi ne masauki, kuma shi ne nisan da ke tsakanin masauki da masauki. Kalmar ta ɗauki sabuwar ma'ana ba tare da an matsa mata ba. Ita kuwa "mita" rikici gare ta. Akwai mitar awon tsawo, akwai mitar wuta da ke jikin bango, akwai mitar da mai gyara yake gwada kayan rediyo da ita, ga kuma mita ta asali, wadda uwargida ke yi idan cefane ya yi ƙaranci. A rubuce duk ɗaya suke, muhallin magana ne kawai ke raba su.

Dalma

Babu mai harhaɗa rediyo sai da dalma, domin da ita ake liƙa ƙafafun kayan da juna. A nan ɗan Jos yana da abin faɗa. Tun kafin zuwan Turawa, maƙeran Ririwai suna narka kuza suna fitar da ƙarfenta sirara-sirara kamar tsinke, fatake suna yawo da shi. Bin sawun wannan ƙarfe ne ya kawo ma'aikatan Kamfanin Neja wannan tsauni a farkon ƙarni na 20, suka kafa sansani a Naraguta, inda mazaunin dindindin na Jami'ar Jos yake a yau. A farkon shekarun 1960 aka kafa masana'antar narka kuza ta Makeri, sannan kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, aka bar mu da tafkunan da ake gani a kewayen Bukuru da Rayfield.

Dalmar liƙi gauraye ce ta ƙarfe biyu. Ƙarfen da ake samu daga kuza yana narkewa a zafin digiri 232, ɗaya ƙarfen mai nauyi kuma sai a 327, amma idan aka haɗa kashi 63 na farko da kashi 37 na biyu, sai gaurayen ya narke a 183 kacal. Matsalar ɗalibin harshe ita ce, a bakin Bahaushe ƙarfen farko dalma ne, na biyu dalma ne, gaurayen ma dalma ne. Lokacin da yara suka yi ta mutuwa a ƙauyukan Zamfara a 2010, kafofin labarai sun ce "gubar dalma", suna nufin ƙarfe na biyu. Mai fassarar da bai bambance ba zai iya sa mai sauraro ya ɗauka kuza ce ke kisa. A ganina ya fi dacewa a riƙa cewa "ƙarfen kuza" da "baƙar dalma", a bar wa gaurayen "dalmar liƙi". Tun da kuwa akwai baƙar dalma a ciki, kada a kama wayar dalma da haƙori kamar yadda wasu yaran shago ke yi, kuma a wanke hannu kafin a ci abinci.

Harhaɗawa

Rediyo mafi sauƙi ba ta bukatar batir ko wutar lantarki, da ƙarfin saƙon da ta kamo take magana. Kayanta ba su da yawa, kuma ana samun yawancinsu a jikin matacciyar rediyo a wurin masu gyara na kewayen Taminus, ko a hannun 'yan gwangwan.

Da farko a sami bututun roba ko na kwali mai faɗin santimita 5, a naɗa masa siririyar wayar tagulla mai rufin fenti, irin ta cikin tsohuwar tiransifoma, sau 80, naɗi kusa da naɗi ba tare da wani ya hau wani ba. Wannan shi masu gyara ke kira koyil. Sai a ciro kwandansa mai juyawa daga tsohuwar rediyo, wato abin nan da ke bayan maɓallin neman tasha, a haɗa ƙafafunta biyu da bakunan koyil biyu. Waɗannan biyun su ne masu tace tasha: koyil da kwandansa suna da zango ɗaya da suke amsawa, murɗa kwandansa kuma yana sauya wannan zangon. Naɗi 80 da babbar kwandansa suna kama matsakaicin zango, wanda a Afirka da Turai ya tashi daga kilohaz 531 zuwa 1602.

Bakin koyil na sama a ɗaura masa eriya, wato waya mai tsawon mita 20 ko fiye, a miƙe ta sama tsakanin itace da rufin ɗaki, nesa ƙwarai da wayar wutar lantarki. Bakin ƙasa kuma a haɗa shi da rodin da aka kafa cikin ƙasa. Daga bakin sama sai a ja dayod, daga dayod zuwa abin saurare na kunne, ɗaya ƙafar abin sauraren ta koma bakin ƙasa. An gama.

Dayod ƙofa ce mai barin lantarki ya wuce ta fuska ɗaya kawai, ita ce ke ɓare murya daga jikin igiyar da ta ɗauko ta. Ba kowace ce ke yi ba. Ta jamaniyam, kamar mai lamba 1N34A, tana buɗewa da kusan bolt 0.3, ta silikon kuwa sai an kai 0.6 ko 0.7, ƙarfin da eriyar gida ba ta cika tarawa ba. Abin sha'awa shi ne, kafin a ƙera irin wannan dayod, masu rediyon shekarun 1920 da wani dutse mai ƙyalli suke amfani, suna taɓa shi da bakin siririyar waya har su dace da inda yake magana. Wannan dutse na baƙar dalma ne, kuma shi ne dutsen kwalli da ake niƙawa a zuba a tandu. Akwai shi a ƙasar Zurak ta Ƙaramar Hukumar Wase a nan Jihar Filato. Ɗalibin da ya rasa dayod yana iya neman ɗan gutsuren kwalli wanda ba a niƙa ba, ya gwada sa'arsa da haƙuri.

Idan Ta Ƙi Magana

Kusan kullum sabuwar rediyo shiru take yi a karon farko, kuma a nan ake gane wanda ya fahimci aikin. Ƙa'idar masu gyara ita ce a bi laifi daga kunne zuwa eriya, abu ɗaya bayan ɗaya, kada a sauya abu biyu a lokaci guda.

A fara da abin saurare. Na wayar hannu ba ya yi, domin yana shanye ɗan ƙarfin da aka tara. Ana bukatar irin mai ƙwayar kiristal, wanda idan aka goga bakunan wayarsa biyu za a ji ƙas-ƙas a kunne. Daga nan a duba bakunan koyil. Fentin da ke jikin wayar tagulla ba ya barin lantarki ya wuce, kuma ido ba ya ganinsa sosai, dole a kankare shi da reza har jan tagulla ya fito kafin a liƙa. Wannan shi ne laifin da ya fi kama sababbin hannu. Sai liƙin kansa: mai kyau yana sheƙi kuma yana kwanciya a jikin waya, marar kyau yana dunƙulewa kamar ƙwallo, launinsa a dushe, idan an taɓa ya motsa. Sanyin Jos da iskar hunturu suna saurin huce ƙarfen liƙi, musamman wanda ake ɗorawa a kan gawayi idan an ɗauke wuta, don haka a yi aikin a cikin ɗaki. Kayan da aka ciro daga sababbin na'urori kuma suna da taurin cirewa, saboda tun 2006 Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da baƙar dalma a kayan lantarki, dalmar da ta maye gurbinta kuwa sai zafi ya kai wajen digiri 217 take narkewa.

Ƙasar Jos ma tana da nata hali. Dutse ne a ƙarƙashi, da rani kuma ta bushe ƙamas, rodin da aka kafa a irin wannan wuri kamar ba a kafa ba ne. A nemi wuri mai danshi, bakin rijiya ko inda ruwan wanka ke bi, a riƙa zuba masa ruwa. Da hunturu busasshiyar iska mai ƙura tana tara lantarki a jikin doguwar eriya har ta ƙona dayod. Da damina kuwa, daga Afrilu zuwa Oktoba, maganar ta wuce ta dayod: da zarar hadari ya haɗu a cire eriya daga rediyo a haɗa ta da rodin ƙasa a waje, saboda tsawa.

Idan duk wannan ya yi daidai amma har yanzu shiru, wataƙila rediyon lafiyarta ƙalau, tashar ce babu. Wannan irin rediyo saƙon AM kawai take ji, gidajen da muke saurare a Jos kuwa, irin su Peace FM a kan 90.5 da Highland FM a kan 101.5, duk na FM ne. A jira dare, lokacin da sararin sama ke dawo da igiyoyin matsakaicin zango daga nesa. Idan kuma ƙugi ake ji maimakon shiru, a kashe cajar waya da ƙwan lantarki na zamani da inbata ɗaya bayan ɗaya, za a kama mai laifin. A lura da yadda Hausa ta wadata a nan: mai gyara yana bambanta ƙugi da shuu da ƙas-ƙas da fito, kowanne kuma yana nuna masa wurin da zai duba.

Sauye-sauye

Wanda rediyonsa ta yi magana ba ya daɗewa bai fara taɓa ta ba. Idan aka naɗa sabon koyil mai naɗi 12 a kan irin wancan bututu, rediyon za ta koma gajeren zango, wajen mita 49 da 41. Idan aka ƙara ƙaramar ayisi mai lamba LM386 da batir mai bolt 9, muryar za ta fito a lasifika kowa ya ji. Eriya ma ana yanka ta daidai da tashar da ake so: a raba 143 da adadin megahaz, a sami tsawonta a mita, a raba waya biyu daidai, a ja wayar saukowa daga tsakiya. Ta 90.5 za ta kama mita 1.58, wato santimita 79 kowane hannu, kuma tana gyara kamun kowace rediyon FM ta kanti. Tudun Jos, mai kimanin mita 1,200 sama da teku, yana taimaka wa irin wannan eriya, balle a ce mutum ya hau duwatsun Shere.

Masu Aikawa da Saƙo

Mataki na gaba shi ne na'urar da ke aikawa da murya, kuma a nan doka ta shigo. A duniya akwai masu wannan aiki don sha'awa kawai, ba don kuɗi ko watsa labarai ba, Turawa na ce musu "ham", mu kuwa muna iya cewa 'yan rediyon sha'awa. Ba 'yan oba-oba ba ne, ko da yake su ma magana suke yi da juna bi da bi. Su ne a 1923 suka yi magana tsakanin Faransa da Amurka a kan gajeren zango, lokacin da manyan kamfanoni ke ganin ba shi da amfani, suka kuma kafa ƙungiyarsu ta duniya a Paris a 1925. Kowannensu yana da lasisi da lambar kira. Ta Nijeriya tana farawa da 5N, ta Nijar da 5U, kuma an ware musu zangonsu, kamar mita 40 da mita 20. A farkon shekarun 2000 wani Ba'indiye, Ashhar Farhan, ya fitar da tsarin na'urar BITX don masu ƙaramin ƙarfi, inda ya naɗa koyil a kan wasar famfo ta roba saboda tsadar kayan waje. Tsarin ya bazu a duniya, kuma yawancin kayansa ba su fi ƙarfin teburin mai gyaran rediyo ba.

Abin da aka fi gani a garuruwanmu shi ne saurayi ya haɗa tiranzista ɗaya ko biyu ya buɗe "gidan rediyo" na FM a unguwa. Basira ce, amma watsa shirye-shirye yana hannun Hukumar NBC da aka kafa a 1992, kuma akwai dalilin da ya wuce na takarda. Irin wannan na'ura ba ta tsayawa wuri ɗaya, da zafi ko sanyi ya sauya sai tashar ta gudu, ko kusantar da hannu ma yana gusar da ita. Zangon FM yana ƙarewa a megahaz 108, daga nan zuwa 137 na jiragen sama ne, da shi matuƙi ke magana da hasumiyar filin jirgi irin na Yakubu Gowon da ke Heipang. Mai son gwaji ya cire eriya, ya sa razisto mai om 50 a madadinta, ya ajiye rediyo a gefen tebur ya saurari kansa, har ranar da lasisi ya zo hannu.