Kwale-kwale Ba Ya Ƙirga Kai, Nauyi Yake Ji

'Yan uwa ɗalibai, lokacin yawon buɗe ido ya zo, kuma na san da yawa cikinmu za su so hawa kwale-kwale a dam, a ɗau hoto a sa a Facebook. Ni ɗan Kusasu ne, inda damina ke cika rafuka har sai an nemi mai fito. Shi ya sa nake so mu yi bitar darasin da muka koya a aji: me ke sa jirgi ya tsaya a kan ruwa?

Ka'idar Arkimidis ta ce ruwa yana tallafe abu da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin ruwan da abin ya ture. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Duk kilon da aka ƙara a jirgi, sai ya ƙara nutsa domin ya ture wata litar. To, tazarar da ke tsakanin fuskar ruwa da bakin jirgi ita ce jarinmu. Idan lodi ya cinye ta, ƙaramar igiyar ruwa, ko mutum ɗaya ya miƙe tsaye, ta isa ta cika jirgin.

A Amurka, doka ta wajabta manna wani ƙaramin allo a jikin galibin jiragen da ke amfani da inji waɗanda tsawonsu bai kai ƙafa 20 ba, mai nuna adadin mutane da jimillar nauyi. Inda babu allon, ana kintace da wannan lissafi: tsawo sau faɗi, a ƙafa, a raba da 15. Jirgi mai tsawon ƙafa 18 da faɗin ƙafa 5 ke nan mutum 6 zai ɗauka. Lissafin ya ɗauki kowane mutum a matsayin kilo 68, a ruwa mai kwanciya. Kwale-kwalenmu na katako siriri ne, saurin karkata gare shi, don haka a rage, kada a ƙara.

Kaya ma fasinja ne. Buhun masara mai kilo 100 ya kusan mutum ɗaya da rabi. Inji, jarkar mai, babur, duk suna cikin lissafi.

Ba labarin nesa ba ne. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, kwale-kwale ya kife a madatsar ruwan Watari da ke Bagwai, jihar Kano, ɗauke da ɗaliban Islamiyya daga ƙauyen Badau. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara, kuma jami'an ceto sun ce lodi ya wuce kima. Allah ya ji ƙansu. Yara ba su da nauyi ɗaya-ɗaya, amma idan aka tara su, jirgin jimilla yake ji.

Saboda haka, kafin ka taka jirgi, tambayi matuƙi mutum nawa yake ɗauka, ka ƙirga da kanka. Dubi bakin jirgin bayan an gama lodi. Sa rigar ceto, kamar yadda hukumar NIWA ke umarta, ka zauna a tsakiya, ka guji tafiyar dare. Idan aka ce "a matsa, akwai wuri", sauka ka jira sahu na gaba. Jinkirin rabin awa bai kai ran mutum ba.