Zuciyar Takarda a Hannun Yaro

Karatu: Ezekiyel 36:22-28, 1 Sama'ila 16:1-13
Ayar haddacewa: Ezekiyel 36:26

Darasin wannan mako na dukanmu ne, amma ya fi shafar malaman makarantar Lahadi, da shugabannin matasa, da iyaye. Ranar Lahadi mai zuwa, bayan an tashi daga sujada, ku tsayar da yaro ɗan shekara takwas a bakin ƙofa ku tambaye shi abin da ya koya. Sau da yawa zai ce an yi waƙa, an yi addu'a, daga nan sai ya sunkuyar da kai yana wasa da yatsu. Ya zauna awa biyu a kan benci, ya maimaita abin da malama ta faɗa da iyakar muryarsa, amma bai fito da abin da zai kai gida ba. In kun tambayi malamar, za ta ce babu kayan aiki, ikilisiya ba ta ware kuɗi domin yara ba. Tana da gaskiya, kuma ya kamata dattawa su ji wannan da kunnen basira. Sai dai yaron ba zai daina girma ba har ranar da kwamiti zai zauna. Shekara biyar nan gaba yana iya zama cikin waɗanda muke nema a majami'a ba mu gani.

Ku duba mutumin da muka karanta littafinsa yau. An kwashi Ezekiyel zuwa Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu. Ɗan gidan firistoci ne, amma ba shi da Haikali, ba shi da bagade, yana zaune cikin 'yan bauta a bakin kogin Kebar. Da Ubangiji ya so ya yi wa mutanen magana, a sura 4 ya sa shi ya ɗauki tubali ya zana birnin Urushalima a kai. A sura 37 ya sa shi ya ɗauki sanduna biyu, ya rubuta sunan Yahuza a ɗaya, na Yusufu a ɗayan, ya haɗa su a hannunsa a gaban jama'a. Irmiya ma an aike shi gidan maginin tukwane, daga baya ya fasa tulu a gaban dattawa. Ubangijinmu Yesu ya ce a nuna masa tsabar kuɗin haraji, wata rana kuma ya ɗauko ƙaramin yaro ya tsayar da shi a tsakiyar almajiransa. Tubali da sanda da tulu, duk abubuwa ne da ake samu a kowane tsakar gida. Allah ya san yadda ya gina mu: abin da hannu ya taɓa, ido ya gani, ya fi daɗewa a rai.

Saboda haka zan koya muku abu ɗaya da za ku yi da yara ba tare da kun roƙi ma'aji ko kwabo ba, wato ninke takarda ta zama siffar zuciya. Mutanen Japan sun shahara da ninke takarda, suna kiransa origami. A Jamus kuma wani malami, Firidirik Furobel, ɗan fasto, wanda ya raɗa wa makarantar ƙananan yara suna lambun yara a 1840, ya sa ninke takarda cikin ayyukan da yake ba su. 

Kayan aiki

Takarda kawai, da biro ko fensir. Ku nemi tsohuwar kalanda, takardun jarrabawar da aka gama da su, tsarin sujadar bikin aure da ya wuce, sauran shafukan littafin rubutu na bara. Hotunan 'yan takara da suka cika bango lokacin zaɓe ma bayansu fari ne, a nan dai za su yi mana amfani. Jarida tana saurin yagewa, ku bar ta sai in babu wata. Farar takardar ofis guda ɗaya, in an raba ta biyu, tana ba da zuciya biyu, don haka takarda 20 ta ishi aji mai yara 40. Kada ku yi amfani da shafin Littafi Mai Tsarki da ya ɓalle, ko da ya tsufa. Kada kuma a kawo reza cikin yara. In an danne ninki da farce sosai, takarda tana yaguwa a miƙe ba sai da almakashi ba.

Yadda ake yi

Da farko takardar ta zama tsawonta da faɗinta daidai. Ku kama kusurwa ɗaya ta sama ku ninko ta har gefen sama ya kwanta a kan dogon gefen takardar. Ɗan guntun da ya rage a ƙasa ku ninke shi, ku danne, ku yage. In kun buɗe, ga takarda mai gefe huɗu daidai wa daida.

Ku ajiye ta yadda kusurwa ɗaya tana kallon sama, ɗaya ƙasa, ɗaya dama, ɗaya hagu. Ku haɗa kusurwar sama da ta ƙasa, ku danne, ku buɗe. Ku haɗa ta dama da ta hagu, ku danne, ku buɗe. A nan ku dakata, ku ce yara su ɗaga takardarsu su faɗi abin da suka gani. Layukan biyu sun gitta juna sun zama gicciye. Wannan ne lokacin rubutu, zan dawo kansa.

Sai ku ninko kusurwar sama ta sauko ta taɓa tsakiya, inda layukan suka haɗu. Ku ɗago kusurwar ƙasa ta hau, ta wuce tsakiya, har tsininta ya kai gefen sama da kuka ninke yanzu. Ƙasan takardar ya zama miƙaƙƙen layi ke nan. Ku kama rabinsa na dama ku ɗago shi ya kwanta a kan layin tsakiya, na hagu ma haka. Zuciya ta riga ta fito, sai dai tana da tsini biyu a sama, biyu a gefe. Ku juya bayanta, ku ɗan lanƙwasa tsinin nan huɗu ciki, ku sake juyowa. An gama. Ninki goma ne gaba ɗaya.

Malam ko malama, ku gwada sau uku a gida tukuna. Ku yi taku da babbar takardar kalanda domin na baya su gani, ku kuma zaunar da babban yaro kusa da ƙarami. Za a samu wadda ta karkace, za a samu mai kuka domin tasa ta yage. Ku riƙe 'yan takardu a gefe saboda wannan.

Wace zuciya muke nufi?

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mahauci ya ga zuciyar rago ya san ba haka siffarta take ba. Wannan alama ce kawai. Matasanmu kuma sun fi saninta a waya da ranar 14 ga Fabrairu, inda take nufin soyayyar saurayi da budurwa. Don haka sai mun bayyana. A Ibrananci kalmar ita ce leb, a Helenanci kardiya, kuma ma'anarsu ta fi shauƙi faɗi: wurin tunani ne, wurin yanke shawara, wurin da nufin mutum yake zaune. Hausa ta taimake mu a nan fiye da Turanci. Muna cewa wane yana da farar zuciya, wance ta yi abu da zuciya ɗaya, wani yana zuciya biyu, wani kuwa zuciya ta ɗebe shi ya yi aika-aika. Yaro ɗan shekara goma ya san waɗannan maganganu duka. Ku fara daga nan.

Sa'an nan ku fito da guntun kwali mai kauri, irin na katon ɗin sabulu. Ku ba yaro mafi ƙarfi a ajin ku ce ya yi zuciya da shi. Zai yi ta fama, kwalin zai ƙi, in ya matsa sai ya tsage, yara za su yi dariya. Bayan dariyar ku karanta musu ayar haddacewa. Mutanen da Ezekiyel yake wa magana sun sha wa'azin annabawa shekara da shekaru ba su tanƙwaru ba, har birninsu ya ƙone. Abin da Ubangiji ya alkawarta musu shi ne zai fid da zuciyar da ta taurare kamar dutse, ya ba su mai taushi, ya sa Ruhunsa a cikinsu domin su iya yin biyayya. Ku lura da wanda yake yin aikin a aya 25 zuwa 27. Daga farko har ƙarshe Allah ne. Takarda ba ta ninke kanta, haka ma ba wanda yake sāke zuciyarsa da ƙoƙarin kansa, aikin Ruhu Mai Tsarki ne. Wannan magana ta manya ce kamar yadda take ta yara. Akwai mai shekara 20 a majami'a, yana ba da zakka, yana cikin ƙungiyar mawaƙa, amma ba wanda ya isa ya ce masa ya nemi gafarar matarsa. Ɗan'uwa, in kai ne, kwalin nan da kai yake magana.

Akwai abu na biyu da takardar take koyarwa. Ku warware zuciyar gaba ɗaya, ku shimfiɗa ta, ku sake ninkewa. Za ku ga tana komawa kan tsofaffin layukan da kanta. Inda aka fara danne ta, nan take bi. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da aka saba masa da addu'ar safe, ko ya yi nisa wata rana, layin yana nan. Wanda aka saba masa da zagi da ƙarya a gida, shi ma layin yana nan. Iyaye, awa biyu na ranar Lahadi ba za su goge abin da ake dannawa kwana shida a gida ba.

Abin da aka rubuta a ciki

Yanzu na dawo kan rubutun. Kafin a rufe takardar, kowane yaro ya rubuta a tsakiyar gicciyen abu ɗaya da yake so ya faɗa wa Yesu, ko roƙo ne, ko godiya, ko laifin da yake damunsa. Wanda bai iya rubutu ba ya yi zane. Idan an gama ninkewa, rubutun da gicciyen duk sun ɓuya a ciki, a waje sai sunansa da inda ayar take. A nan labarin Sama'ila yake shigowa. Annabi ne babba, amma da ya ga tsawon Eliyab da kyan fuskarsa ya ɗauka shi ne sarki. 'Ya'yan Yesse bakwai suka wuce a gabansa, wanda Allah ya zaɓa kuwa yana jeji da tumaki, ba a ma kira shi ba. A kowane aji akwai irin wannan yaro, mai yagaggen takalmi, wanda ba ya ɗaga hannu. Ku gaya masa cewa abin da ya rufe a ciki, Ubangiji ya riga ya karanta.

Malamai, ga gargaɗi. Kada ku buɗe zuciyar yaro ku karanta sai shi ya miƙo muku. Kada ku karanta ta kowa a gaban aji, ko da abin dariya ne. Yara sukan rubuta abin da bakinsu ya kasa faɗa: babu abinci a gida, Baba yana dūkan Mama, wani babba yana yi mini abin da ba na so. In yaro ya nuna muku irin wannan, kada ku tsawata masa, kada ku mai da shi abin shaida ko hirar zumunta. Ku yi addu'a da shi, kuma a ranar ku kai maganar ga Fasto a asirce domin a ɗauki mataki. Addu'a ba ta ɗauke mana nauyin kāre yaron ba.

Gargaɗi na biyu. A ƙasarmu kowa ya san ninkakkiyar takarda mai rubutu a ciki da ake ratayawa a wuya ko a ɗaura a kugu. Yaro ko kakarsa na iya ɗaukar wannan zuciya a matsayin laya, a sa ta ƙarƙashin matashi domin maganin mugun mafarki. Ku faɗa a fili tun a aji cewa takardar ba ta da wani iko, abin tuni ce kawai. Ruwa zai jiƙa ta, akuya ma za ta iya cinye ta, ba abin da zai ragu daga tsaron da yaron yake da shi cikin sunan Yesu. Kada a shafa mata mai, kada a ɗora mata hannu.

Aikin wannan mako

Kowane gida ya tattaro tsofaffin takardu masu tsabta ya kawo wa shugaban makarantar Lahadi kafin ranar Asabar. A sujadar iyali ta yamma, ku ninke zuciya tare da 'ya'yanku, uba ma ya yi tasa ya rubuta a ciki. Matasa su koya, su yi wasu su kai wa marasa lafiya da gwauraye lokacin ziyara, da ayar ƙarfafawa a bayan kowace.

Abin addu'a: ku ambaci malaman yara na ikilisiyarku da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Ku yi roƙo domin yaran da suke zuwa sujada ba tare da iyayensu ba. Ku roƙi Ruhu Mai Tsarki ya nuna muku mutumin da zuciyarku ta taurare a kansa, ku je wurinsa kafin Lahadi.