Jakar goge bindiga ga Baba: a saya ko a bari?

TAMBAYA

Ni ɗan Kagoma ne, ina aiki a Kafanchan. Mahaifina tsohon maharbi ne, yana da bindigogi biyu: ta toka wadda ya gada daga kakanmu, da mai baki biyu da ya yi wa lasisi tun yana aikin jirgin ƙasa. Yanzu ba ya shiga dawa, sai dai korar birai da gyazbi daga gonar masara. Da na je gida bayan damina na tarar duk sun yi tsatsa, alhali kullum yana shafe su da baƙin mai, wani lokaci da man ja. Na ga ana tallar wata 'yar jaka a waya, wai duk kayan goge bindiga na cikinta, kuma tana shiga aljihu. In saya masa? Za ta yi wa duka biyun aiki?

Wani mai karatu, Fadan Kagoma

AMSA

Ɗan'uwa, Allah ya yi maka albarka da ka kula da kayan tsoho. Jakar za ta yi wa mai baki biyu amfani, in ka zaɓi wadda ta dace. Ta toka kuwa, kusan babu ruwanta da abin da ke cikin jakar.

Amma kafin maganar saye, akwai wadda ta fi ta gaggawa. Mai baki biyu ana karya ta a leƙa, a ga ko da harsashi. Ta toka ba ta da wannan sauƙin. Ta baki ake ɗura ta, kuma maharban da sun saba rataye ta a ɗure don kada naman dawa ya zo su tsaya neman albarushi. Albarushin da ya shekara a ciki yana iya tashi, in dai bai jiƙe ba. Don haka kada kowa ya kusance ta da tsumma sai an tabbatar. A juya bakinta inda babu mutum, a cire abin da ke tayar da wutar, a zura sandar ɗuri har ta tsaya, a yi mata alama daidai baki, sannan a fito da ita a gwada ta waje da tsawon bututun. In sandar ba ta kai gindi ba, akwai abu a ciki. Kada Baba ya ce bari ya harba sama ɗurin ya fita. Tsohon ɗuri a bututu mai tsatsa shi ke raba mutum da yatsunsa. Fitar da shi aikin ƙwararren mai gyara ne.

Me ke cikin jakar? Sanduna ne masu haɗuwa gaɓa-gaɓa ko waya mai lanƙwasuwa, da burushi na tagulla girma daban-daban, da ƙananan ƙyallaye, da kwalbar ruwan narkar da dauɗa, da ta mai. Wasu suna zuwa da igiya mai burushi a jiki, wadda ake ja ta cikin bututu ta share shi gaba ɗaya. Mafi yawansu an yi su ne don kasuwar Amurka, inda mutum ɗaya kan ajiye bindigogi iri-iri, shi ya sa za ka ga burushi goma alhali ɗaya kake bukata. Yawancin masu baki biyu da ke ƙasar nan lamba 12 ne, faɗin bututunsu kimanin milimita 18 da rabi. Duba takardar lasisin ko jikin ƙarfen, lambar na nan. In jakar ba ta da burushin wannan lamba, kuɗinka ka zubar. Ka kuma guji mai sandar baƙin ƙarfe, domin tana kankare cikin bututu. Ta tagulla ko wadda aka lulluɓe da roba ta fi.

Ba na raina waɗannan kaya. Lokacin da Amurka ta raba wa sojojinta bindigar M16 a yaƙin Biyetnam, an ba da ita ba isassun kayan gogewa, har ana cewa ba ta bukatar su. Ta riƙa cijewa a tsakiyar faɗa, aka yi asarar rayuka, sai da majalisar dokokin ƙasar ta yi bincike a 1967. Daga baya aka buɗe wa kayan gogewar gurbi a cikin ƙotar bindigar. Kamfanin Otis, wanda ya yi suna da irin 'yar jakar da ka gani, wata yarinya ce 'yar shekara 16 ta kafa shi a 1985, bayan ta faɗi a taɓo wajen farauta bakin bindigarta ya toshe. Wato asalin amfanin jakar a daji ne, inda babu gida kusa. Baba da gonarsa ke bayan gari, tsari zai samu daga gare ta: komai a wuri ɗaya, babu neman tsumma a ɗakin Mama.

Yanzu ta toka, inda na fi so mu daɗe. Albarushin gargajiya ba ya ƙonewa duka. Kusan rabinsa yana zama toka, wani ya fita da hayaƙi, wani ya manne a cikin bututu. Wannan tokar tana ɗauke da gishiri da farar wuta, kuma tana zuƙar laima daga iska. Ka san ƙasarku. Daga Afrilu zuwa Oktoba ruwa ba ya ɗaukewa a Kagoma da Kagoro da Kwoi, shi ya sa citta ta karɓi yankin. Laimar da ke raya citta ita ce ke cin ƙarfen Baba. Bindigar da aka harba yau aka rataye, kafin kwana biyu tsatsa ta kama ta daga ciki, inda ido ba ya kai wa. Baba yana shafe waje har ya yi sheƙi, ɓarnar kuwa tana can ciki.

Maganin wannan toka ruwa ne, abin da mutane da yawa ke jin tsoron kai wa kusa da ƙarfe. Gishiri a ruwa yake narkewa, mai ba ya narkar da shi, sai dai ya rufe shi. Ruwan zafi da ɗan sabulu, da tsumman auduga a kan sanda, a yi ta zurawa ana canza tsumma har ya fito fari. Zafin ruwan yana taimaka wa ƙarfen ya bushe da wuri. A bi da busasshen tsumma, a jingine ta baki ƙasa na ɗan lokaci, sannan a shafa mai kaɗan ciki da waje. A ranar da aka harba ake yin wannan, ba a kwana da shi. Ruwan narkar da dauɗa da ke cikin yawancin jakunkuna don harsashin zamani aka haɗa shi, bai kai ruwan butar shayi ba a wannan aikin.

Batun mai kuwa, ka lallaɓa Baba ya rabu da duka biyun. Baƙin man inji ya riga ya kwaso dauɗa da ɓurɓushin ƙarfe, in ya gamu da tokar albarushi sai su zama kwalta. Man ja yana daskarewa ya yi danƙo, ga gishirin da kan shiga shi daga madafa. In babu man bindiga, man keken ɗinki da ake sayarwa a kasuwar Kafanchan ya wadatar. Ɗigo kaɗan a tsumma. Mai in ya yi yawa yakan gangara ya jiƙa ƙota, icen ya yi laushi, shi ya sa ake ajiye bindiga baki ƙasa bayan shafawa. Da hunturu ma a rage shi, don ƙura tana manne masa.

Wani abokin gaba kuma shi ne zanzaro. Bututun bindigar da ke rataye a zaure gida ne a wurinsa, ya cika shi da laka ya tafi. Toshewa kowace iri ce tana iya fasa bututu, ko na Ingila ne. A riƙa dubawa kafin a fita. Kada kuma a cusa tsumma a baki don hana shi, domin ranar da aka manta da tsumman an koma gidan jiya. Jakar yadi mai shan iska ta fi, a wuri busasshe mai makulli, harsashi da albarushi a wani wurin daban inda jikoki ba sa kai wa. Leda tana tara gumi, a bar ta.

Sai abin da wataƙila Baba ba zai so ji ba. Gogewa tana hana tsatsa, ba ta mayar da ƙarfen da tsatsa ta cinye. Bindigogin toka da yawa aikin maƙera ne, ba a gwada ƙarfin bututunsu a masana'anta ba, kuma wannan ta ga damina fiye da shekarunka. In bayan wanki an haska fitila an ga ramuka a ciki, ko kumburi, ko tsaga, ko ƙota na girgiɗi, to aikinta ya ƙare. A wanke ta, a shafe ta, a ajiye ta a matsayin kayan gado. Kuma ko lafiyarta ƙalau, kada a taɓa farke harsashin zamani a zuba garinsa a cikinta. Ƙarfinsa ya fi abin da za ta iya ɗauka nesa ba kusa ba.

Ka ce mai baki biyu tana da lasisi. Tun zamanin jirgin ƙasa an daɗe, ka duba ko ana sabunta shi. Dokar makamai ta 1959 ta sa lasisin irin wannan bindiga a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, al'amarin ta toka kuma a hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. A 2023 rundunar ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisi, don haka takardar Baba abar riƙewa ce da kyau. Ka kai shi ofishin 'yan sanda na yankinku a tambayi matsayin duka biyun. Lasisin kuma da sunansa yake, bai shafe ka ba. Kada ka ɗora bindigar a babur ka ce za ka kai ta gyara Kafanchan. Kudancin Kaduna ya sha wuya, jami'in da ke shingen bincike ba zai tsaya jin tarihin kakanku ba. Jakar ce za ka kai gida, ku zauna tare da rana tsaka a yi aikin a gabansa, shi da kansa ya fara tabbatar da cewa babu komai a ciki. In kun gama ku wanke hannu da sabulu kafin a kawo tuwo, saboda darmar harsashi.