Bishiyar Gidanka Ce, Amma Ba Ka Isa Ka Sare Ta Ba

Darasinmu na wannan makon a kan wata doka ce ta ƙasar Ingila.

A unguwannin da ke gefen biranen Ingila, mutum yana iya sayen gida da kuɗinsa, ga ƙatuwar bishiya a tsakar gidan, amma ko reshe ba zai datse ba sai da izini. Dalili shi ne ƙaramar hukuma tana da ikon sa wa bishiya takardar kariya idan ta ga jama'ar unguwa suna amfana da ita, ko da kallonta kawai suke yi daga titi. Wannan tsari ya samo asali tun 1947, kuma dokar tsara birane ta 1990 ce ake aiki da ita yanzu.

Da zarar an sa takardar, an hana sarewa, an hana datse kai ko rassa, an hana tumɓukewa ko lalata ta da gangan. Mai gida sai ya rubuta wa hukuma ya faɗi abin da yake so ya yi da dalilinsa. Hukuma tana da mako 8 ta ba shi amsa, kuma tana iya cewa a'a. Abin da ya fi ba ni mamaki, kula da bishiyar yana nan a wuyan mai gida. Ni dai na ga kamar an ɗan matsa masa, amma ai inuwar ba ta tsaya a katangarsa ba.

Idan bishiyar ta mutu, sai ya sanar da hukuma kwana 5 na aiki kafin ya sare ta, sannan ya dasa wata a wurin. Wanda ya sare ba izini kotu za ta ci shi tara, kuma alƙali yana duba ribar da ya ci, misali idan kuɗin filinsa ya ƙaru saboda ya kawar da bishiyar.

Akwai kuma tsofaffin unguwanni da aka keɓe saboda tarihinsu. A can ko bishiya ba ta da takarda, muddin kaurin gangar jikinta ya wuce santimita 7 da rabi, sai an ba hukuma sanarwar mako 6. Na auna da rula, bai fi bakin kofin shayi ba!

Abin da ya sa na zaɓi wannan darasi, bara aka sare darbejiyar da ke bakin layinmu don a gina shago. A ƙarƙashinta muke jiran a daidaita sahu, nan kuma tsofaffi suke shimfiɗa tabarma bayan azahar. Da safe muka wuce ta tana tsaye, da muka taso daga makaranta sai kututture da ganye a ƙasa. Ba a tambayi kowa ba. Yanzu tsofaffin sun koma jikin katangar masallaci, suna matsar da tabarma duk inda inuwa ta juya.