Darasi Na 14: Ƙarfin Ciki, Lafiyar Baya

Jama'a, mu duba mutanen Sakkwato. Ga manomi a fadamar Rima, ya duƙa yana dashen shinkafa. Ga ɗan dako a kasuwa da buhun albasa a kai. Ga mace a bakin rijiya tana jan guga. Dukansu da baya suke aiki. In bayan maigida ya riƙe da damina, gona ta kwanta, rumbu ya zauna wofi.

To, me ke tsare baya? Tsokar ciki ce. Iri 4 ce. Ta can ciki ta kewaye mu kamar ɗamara. Ƙasusuwan ƙugu guda 5 su ne ke ɗauke da nauyin gangar jiki. In ɗamarar nan ta yi ƙarfi, sai ta taya su. Ku lura da 'yan kokawa. Ba damtse kaɗai ke hana a kā da su ba, har da ƙarfin ciki da ƙugu.

Ba kowane motsa jiki ne ya dace ba. Waɗansu sukan kwanta rigingine su riƙa fizgo kai zuwa gwiwa. Wannan yakan gajiyar da wuya da baya, kuma ba ya rage tumbi. Mu zaɓi waɗannan uku. Tabarma kaɗai muke bukata.

1. Mu kwanta rigingine, mu lanƙwasa gwiwa, tafin ƙafa a ƙasa. Mu ɗaga ƙugu, mu ƙirga 5, mu sauke. Sau 10.

2. Mu durƙusa kamar mai rarrafe. Mu miƙe hannun dama gaba, ƙafar hagu baya. Mu ƙirga 5, mu sāke da ɗaya gefen. Kada baya ya lotsa.

3. Mu kwanta rubda ciki. Mu ɗaga jiki bisa gwiwar hannu da yatsun ƙafa, jiki a miƙe kamar taɓarya. Mu ƙirga 10, mu huta. Sau 3.

Kada mu riƙe numfashi. Mu yi da sanyin safiya, kwana 3 a mako, mu riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan. Sannu ba ta hana zuwa.

In za mu ɗauki kaya, mu tsuguna, mu jawo shi kusa da jiki, mu tashi da ƙarfin ƙafafu. In ya fi ƙarfinmu, mu nemi mai taya mu.

Mai gwaiwa, da mai ciki, da mai jego, da wanda ciwon baya ke sauko masa har ƙafa, su je asibiti tukuna su ji ta bakin likita. Wanda ya ji zafi yana cikin yi, ya bari.

Tambayoyi
1. Tsokar ciki iri nawa ce?
2. Yaya za mu ɗauki buhu?
3. Su wa za su fara zuwa asibiti?

Mu rubuta: Rigakafi ya fi magani.