Rikicin Falasɗinu: Kishin Ƙasa Ne Ko Kuwa Addini?

 

'Yan'uwa Musulmi, mutane da yawa suna zaton tun fil azal yaƙin addini a ke yi tsakanin Larabawa da Isra'ila. Tarihi kuwa bai nuna haka ba. Theodor Herzl, wanda ya kira babban taron Sahayoniyawa a birnin Basel cikin 1897, ɗan jarida ne wanda bai damu da ibada ba. Ƙasa ya ke nema wa Yahudawa, irin yadda sauran al'ummomin Turai su ke da tasu, har ma malaman Yahudu da dama suka yi adawa da shi.

A ɓangaren Larabawa ma haka abin ya ke. Bayan kafa Isra'ila cikin 1948, tutar da aka ɗaga ita ce ta Larabci, watau harshe ɗaya, al'umma ɗaya. Michel Aflaq na jam'iyyar Ba'as Kirista ne, haka nan George Habash, ɗaya daga manyan jagororin gwagwarmayar Falasɗinawa. Wannan ba abin mamaki ba ne, gama an kori Kirista daga gidajensu kamar yadda aka kori Musulmi. Shi kuwa Jamal Abdul Nasir na Masar, gwamnatinsa ce ta rataye Sayyid Ƙutub cikin 1966.

Sai yaƙin Yuni na 1967 ya zo. Cikin kwana shida aka rasa Sina'i da Gaza da Tuddan Golan da Yammacin Kogin Jodan, har da tsohon birnin Ƙudus. Daga nan kwarjinin Larabci ya soma dushewa. Ran 21 ga Agusta 1969 wani Bature ɗan Ostareliya ya cinna wa Masallacin Aƙsa wuta, mumbarin da Salahuddin ya kawo ya ƙone. Wata guda bayan haka shugabannin ƙasashen Musulmi suka taru a Rabat, inda aka aza harsashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi. Sa'an nan ne Baturke da Bapakistane da Bahaushe, waɗanda Larabci ya mai da su 'yan kallo, suka sami bakin magana. Masallacin nan kuwa alƙiblarmu ce ta farko, kuma can aka yi Isra'i da Manzon Allah. Ba gadon wata ƙabila ba ne.

Amma fa kada mu manta, sauyin nan ya auku a wancan ɓangaren ma. Cikin 1974 aka kafa ƙungiyar Gush Emunim, wadda ta riƙa gina matsugunai a ƙasar da aka mamaye da hujjar alkawarin Attaura. Hamas ta bayyana cikin 1987.

A ganina, kare gida da gona daga mai ƙwace hakki ne da Shari'a ta tabbatar, ko na Musulmi ne ko na Kirista. Abin da Annabi ya hana shi ne asabiyya, watau goyon bayan dangi a kan zalunci. Haka kuma ƙin Bayahude don Yahudancinsa kawai ba koyarwarmu ba ce: sa'ad da Sifaniya ta kore su cikin 1492, Daular Usmaniyya ce ta karɓi da yawa daga cikinsu.

Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, za mu duba shigar Sayyidina Umar birnin Ƙudus.